Yadda ake raba lambun lungun gida da kwanciyar ruwa idan ƙasarka laka ce

Mu nan Jos kusan duk gidan da ka shiga zaka samu wannan ɗan lungun da ke tsakanin bangon ɗaki da katanga, wani ƙafa biyar wani ƙafa bakwai, kuma mutum da zarar ya ga fili haka sai ransa ya biya ya sa ɗan tumatir da attaruhu da alayyahu, uwargida ta ce a ƙara mata zogale da gwanda. A watan Mayu komai shar, kana wucewa kana jin daɗi. Yuli na kamawa sai ganye ya fara rawaya daga ƙasa, tumatir ya langaɓe da rana tsaka alhali ƙasar jagab take, gwanda ta ruɓe daga gindi ta faɗi, bangon ɗaki ta ciki ya fara rima fenti yana ɓarewa. Sai kaji mutum yace ai taki ne babu, ya je ya sayo ya zuba, wani yace tsutsa ce. Yawanci ba ko ɗaya, ruwa ne ya kwanta a saiwa. Ita saiwa iska take buƙata a cikin ƙasa, in ruwa ya cike ko'ina na kwana ɗaya zuwa biyu kayan miya irin su tumatir sun fara mutuwa ke nan, ga ƙasar laka ƙwayoyinta ƙanana ne sosai sun manne da juna, ruwa baya ratsa ta sai a hankali a hankali.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, a ƙasar laka ba a sa ran ƙasa ta shanye ruwa, hanya ake nema masa ya bar gidan. Shi yasa nake ganin masu fara aikin da sayen fayif da tifar tsakuwa sun fara daga ƙarshe. Tsarin da nake bi: rufi tukuna, sannan mafita da gangare, sannan a ɗaga wurin shuka, fayif ɗin ƙarƙashin ƙasa shi ne na ƙarshe kuma gidaje da yawa ma basa kaiwa gare shi matsalar ta ƙare.

Da farko ka fita cikin ruwan ka gani da idonka

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka ɗauki lema ka shiga lungun ana tsaka da yi, kar ka bari sai an ɗauke. Ka duba daga ina ruwan yake zuwa. Daga bakin kwanon rufinka yake zuba? Ko ta hujin katangar maƙwabcin da ke sama da kai yake shigowa, don Jos gari ne na tudu da gangare, gidan da ke ƙasa shi ke karɓar na kowa? Ko tsakar gida ce da aka yi wa siminti ko intalok take turo nata cikin lungun? Ka ga inda yake taruwa, ka soka ƙananan itatuwa a bakin inda ya tsaya. Washegari da safe ka koma. Ruwan da ya tafi cikin 'yan awanni ba abin damuwa bane, wanda ya kwana ya wuni yana nan shi ne matsala, in kuwa yana kaiwa mako to har sauro kake kiwo, don daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kacal.

Sai gwajin ƙasa, guda biyu ne kuma ba ko sisi. Ka ɗebo ƙasa daga zurfin kamar taƙi ɗaya, ka jiƙa ta kaɗan ka mulmula a tafin hannu ta zama kamar igiya, in ka lanƙwasa ta ta zama zobe bata karye ba to laka ce sosai, in ta tsattsage akwai yashi a ciki, da sauƙi. Na biyu ka haƙa rami faɗi da zurfi santimita 30, wato ƙafa ɗaya, ka cika shi da ruwa ka bari ya tsotse, sannan ka sake cikawa, wannan cikon na biyun shi ake aunawa. Ka sa ruler ko sanda mai alama ka riƙa dubawa duk awa. Idan ruwan baya sauka ko inci ɗaya a awa, ƙasarka bata shan ruwa. Ka yi ramin a wuri biyu ko uku don lungu ɗaya ma ƙasarsa na iya bambanta, musamman inda magina suka zubar da ragowar siminti da fasassun bulo suka rufe da jar ƙasa, wannan yana da yawa a sababbin gidaje, wani lokacin ma ba laka bace matsalar, ƙasar ce baro da ƙafar lebura suka danne ta lokacin gini.

Wani abu kuma, ka haƙa ɗaya mai zurfin ƙafa biyu ka rufe bakinsa da langa-langa kar ruwan sama ya shiga, ka bar shi ya kwana. In ka zo ka samu ruwa ya tsatso da kansa to daga ƙasa yake tasowa. Ka sunsuna. In yana wari sokawen banɗaki ne ke yoyo, naka ko na maƙwabci, in garau yake ka duba fayif ɗin famfo, in kuma duk lafiya lau to ruwan ƙasa ne ya taso kamar yadda rijiyoyin unguwannin bakin rafi ke cikowa a watan Agusta har kana ɗiba da hannu. Mai irin wannan ya tsallaka kai tsaye zuwa maganar ɗaga wurin shuka.

Ruwan rufi, nan rabin maganar take

Bari mu yi lissafi kaɗan don mutane basa yarda sai sun ga lamba. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. A ce lungunka tsawonsa mita 12 faɗinsa mita 2, ɓangaren rufin da ke zuba a cikinsa kuma mita 12 sau mita 5, wato murabba'i 60. In aka yi ruwan milimita 30, wanda a Jos ba wani abin labari bane a Yuli ko Agusta, ruwan da zai faɗa kan lungun kansa lita 720 ne, amma wanda rufi zai juye masa lita 1,800, durom 9 ke nan na lita 200 a dare ɗaya. Kuma Jos tana samun wajen milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara tsakanin Afrilu da Oktoba, kaga wannan ɓarin rufin kaɗai yana zubo kusan lita 80,000 duk damina a gindin bangonka. Wace ƙasa ce zata shanye wannan, balle laka?

To ka sa gota a bakin kwano, ta roba ko ta alminiyam ko wadda masu ƙira ke lanƙwasawa da kwano, duk wadda aljihunka zai ɗauka, a ɗan karkata ta zuwa gefen da ruwan zai sauka, a haɗa da fayif inci 3 ko 4 ya sauko. Abin da ke ba ni haushi shi ne ka ga an kashe kuɗi an sa gota amma an bar bakin fayif ɗin yana amai a gindin bango, wato ruwan da dā ya watsu a mita 12 yanzu an tara shi wuri ɗaya. Dole ya wuce, ko dai cikin tanki ko ya bi fayif marar huji har kwatar waje. In tanki ne ka tuna zai cika a ruwa ɗaya ko biyu, don haka a yi masa fayif ɗin ambaliya daga sama mai faɗi daidai da wanda ke shigowa, shi ma a kai shi kwata. Ruwan farko na shekara kuma a bar shi ya wuce, ƙurar hunturu ce da kashin tsuntsu, kuma ka sa raga a bakin tankin saboda sauro. Ruwan tankin nan zaka gode masa a Nuwamba.

In ka yi wannan ka dakata ka ga ruwa biyu uku kafin ka ƙara kashe ko kwabo.

Ina ruwan zai fita?

Kafin diga ta taɓa ƙasa sai ka san amsar wannan. Mafita mafi kyau ita ce kwatar bakin titi, in tana ƙasa da lungunka. Ido yana yaudara, don haka ka nemo siririn tiyo mai haske ɗin nan da birkiloli ke ɗaukar lebur da shi, ka cika shi da ruwa ka fitar da kumfar iska tas, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a ƙarshen lungu ɗaya ya riƙe ɗayan a bakin kwata, ruwan da ke bakin biyun tsayinsa ɗaya ne a kullum. Ku yi alama a jikin turaku, sannan ka auna daga alamar zuwa ƙasa a kowane gefe, bambancin shi ne gangaren da kake da shi. Mafi ƙarancin abin da ake nema santimita 1 a kowace mita, in da birkila kake magana kace masa inci 1 a duk ƙafa 8, zai fi ganewa. Lungu mai mita 12 yana buƙatar faɗuwar santimita 12, in ka samu 20 ko 24 ya fi, don laka tana bin ruwa kuma in gudu ya yi kaɗan kwanciya take a hanya.

Kar ka auna zuwa gindin kwatar titi, ka auna zuwa inda ruwa ke kaiwa in ta cika. Alamar tana nan a jikin simintin, zaka ga layin datti. In bakin fayif ɗinka ya yi ƙasa da wannan layin to ranar babban ruwa kwata ce zata turo maka nata da leda da komai cikin gida. Mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo da suka ga ambaliyar 2012 ba sai an yi musu dogon bayani a kan toshewar hanyar ruwa ba. In aikin zai kai ga fasa titi ko sa kwalbati ka fara tuntuɓar JMDB, hukumar raya birnin Jos, kafin a zo a sa maka jan fenti.

Sai maganar maƙwabci. Don Allah kar ka huda katanga ka sakar wa na ƙasa da kai ruwa a tsakar gida kace ai gangare ne, ba kai ka yi ba. Zumuncin shekaru ya sha lalacewa a kan hujin inci huɗu. In babu wata hanya sai ta gefensa ka je har gida ka yi sallama, "Alhaji ga abin da ke damuna, ko za mu haɗa hannu mu ja fayif ɗaya ta jikin katanga har titi, ni zan ɗauki kuɗin kaya." Yawanci shi ma ruwan yana damunsa. In kuma kai ne na ƙasa, ruwan wani ke shigo maka, kar ka toshe hujin da siminti cikin fushi, ruwan zai taru a bayan katangar ya jiƙa tushenta wata rana ta kwanta muku duka, gara ka gina ɗan akwati a bakin hujin ka karɓi ruwan ka haɗa shi da naka ya wuce.

Gyaran gangare da kwatar fili

Ƙasar lungu dole ta karkata daga jikin ɗaki zuwa waje, kuma ta kasance aƙalla inci 6 ƙasa da daɓen ɗaki. Gidaje da yawa shekara da shekaru ana zuba shara da ƙasa a lungu har ya zo daidai da daɓe ko ya fi shi, rima ta ina ba zata shiga ba? In haka ne kwashewa za a yi ba ƙarawa ba. A jikin bangon a zuba ɗan daɓen siminti mai faɗin ƙafa 2 da ya karkata waje sosai, a bakinsa kuma a yi 'yar kwata, faɗin inci 6 zuwa 9 ta isa, a yi mata filasta sumul a zagaye gindinta don shara ta yi sauƙi. Wanda baya son siminti zai iya yin kwari marar zurfi mai faɗi a dasa masa ciyawa, yana aiki, sai dai a lungu mai matsi yana cin wurin shuka. Ni dai na fi son kwatar fili a kan duk abin da aka binne, saboda in ta toshe kana gani, tsintsiya ɗaya ta gama.

Ɗaga wurin shuka

Manoman dankali na Bokkos da Mangu ba don ado suke tada kunya ba, saiwa suke ɗagawa sama da ruwa. Kai ma haka za ka yi. Mafi arha ka tada kunya mai tsayin ƙafa ɗaya, kwarin ya bi gangare zuwa kwata. Mai ɗorewa kuma ka gina akwati da bulo inci 6, layi biyu, tunda kowane bulo tsayinsa inci 9 ne ka samu inci 18 ke nan, ya ishi tumatir da kabeji da karas. A layin ƙasa kar a cike duk tsakanin bulo da siminti, a bar tsaga bayan kowane bulo biyu ta gefen kwata. Kar a yi wa akwatin daɓe, kuma kafin a zuba sabuwar ƙasa a sassare lakar da ke ƙasa da diga a gauraya ta da taki kaɗan, in ba haka ba ruwa zai ratsa ƙasa mai laushi ya zo ya tsaya cak a kan lakar. Faɗin akwatin in ta gefe ɗaya kawai zaka iya isa gare shi kar ya wuce ƙafa 2 da rabi, don kar ka riƙa takawa ciki, taku shi ke mayar da laka gidan jiya. Kuma kar ka jingina shi da bangon ɗaki ko kaɗan, katangar ma in da hali a bar ɗan tsakani.

Ƙasar cikawa: baƙar ƙasa kashi biyu, taki da ya ruɓe sosai kashi ɗaya, kashin shanu ko na kaji wanda ya huce, sai buntun shinkafa, in an ɗan babbaka shi ya fi. Garin katako na kasuwar Katako yana da arha amma ɗanyensa yana janye abincin shuka yayin da yake ruɓewa, ganye ya yi rawaya, a tara shi da kashin kaji ya shekara tukuna. Tokar bola da masu lambun bakin rafin Dilimi ke amfani da ita ni ba zan sa ta a abin da 'ya'yana za su ci ba, batir da roba da kwalba duk a ciki ake ƙonawa. Haka yashin tsofaffin wuraren wankin kuza, an sha auna shi an samu wani yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da radiyeshan fiye da ƙasar yau da kullum, ka tambayi mai tifa daga ina ya ɗebo.

Shawarar da kowa zai ba ka ita ce ka zuba yashi a laka ta saki. Kar ka yi. Baro biyu uku na yashi a cikin laka ba abin da zai yi sai ƙara mata tauri, don ƙananan ƙwayoyin laka ne ke shiga tsakanin yashin su cike, kafin yashi ya canza halin laka sai ya kai wajen rabin ƙasar gaba ɗaya, wa ke da wannan kuɗin? Taki da ruɓaɓɓen ganye su ke gyara laka, kuma ba shekara ɗaya ba, duk shekara ana ƙarawa ana rufe saman da ciyawa, tsutsar tana da gara su yi sauran aikin.

Fayif mai huji a cikin tsakuwa

In ka yi duk waɗannan har yanzu ƙasar lungun tana nan jagab kwana da kwanaki, ko ruwa na tsatsowa daga tudun da ke bayanka, to yanzu ne lokacin wannan. Ka ja igiya inda ramin zai bi, nesa da bangon ɗaki aƙalla mita 1, kuma kar zurfinsa ya wuce na tushen gini in yana kusa, haka ma katanga, ita tushenta ma bai kai na ɗaki ba. Ka tambayi wanda ya san gidan inda fayif ɗin ruwa da wayar wuta da ta borehol suka bi kafin lebura ya sara. A fara haƙa daga mafita ana hawowa sama, ta haka ko ruwa ya sauko ana cikin aiki zai fita. Faɗi ƙafa 1, zurfi ƙafa 1 da rabi zuwa 2, ana duba gangaren da tiyon lebur duk bayan mita biyu, kar a bar wani wuri ya yi kwari a tsakiya. Shebur yana goge jikin laka ya yi santsi kamar an shafe shi, a bi da bakin diga a kakkarce. A Jos ba mamaki ka ci karo da marmara ko dutse a ƙafa ɗaya, in dutsen gaske ne kar ka yi faɗa da shi, ka kauce ko ka haƙura da kwatar fili.

Fayif ɗin PVC inci 4 za ka saya, mai kauri, marar kauri yana lotsewa. In baka samu mai huji ba ka huda da kanka da dirila, huji milimita 8 zuwa 10, layi biyu, tazarar inci 4 zuwa 6, in ka kalli bakin fayif ɗin su zo wajen ƙarfe 4 da ƙarfe 8 na agogo. Hujin ƙasa suke kallo ba sama ba, nan ne ake yawan musu da leburori, "Oga ai ruwa daga sama yake zuwa." Eh daga sama yake zuwa amma sai ya gangara gindin ramin ya taru sannan ya taso ya shiga fayif, in hujin na sama sai ramin ya cika tukuna, ga ƙasa na zubawa ciki.

Tsakuwa ta wurin fasa dutse mai girman inci uku bisa huɗu, wankakkiya, ba mai gari ba, garin dutse toshe komai yake. Ramin mita 12 irin wanda muka ce zai ci wajen baro 30. Kafin a zuba a shimfiɗa yadin tace ƙasa, jiyotekstil, wanda 'yan kwangilar titi ke amfani da shi, ya rufe gindi da gefe a bar rara da za a naɗe sama. In bai samu ba a zuba yashi mai kaushi inci biyu a gefe da sama ya zama matata. Leda da buhun siminti basa barin ruwa ya wuce, buhun algarara ruɓewa yake, gidan sauro kuma akwai magani a jikinsa bai kamata ya kwanta kusa da kayan miya ba. Sai tsakuwa inci 2 zuwa 3 a gindi, a ɗora fayif, a juye bokiti biyu daga sama a ga ruwan ya fito a mafita da gudu KAFIN a rufe, sannan a cika da tsakuwa har saura inci 4, a naɗe yadin, a ƙarasa da tsakuwa ko yashi mai kaushi. Kar a mayar da lakar da aka haƙo a kai, in ka rufe da laka ka toshe aikinka da hannunka, sai ya zama hanyar tafiya kawai.

A can saman fayif ɗin a sa gwiwa a fito da baki sama da murfi, nan zaka riƙa zura tiyo kana wanke shi. A bakin mafita a ɗaura raga saboda ɓera da kwaɗi da abin da ke bin kwaɗi. Ruwan rufi kuma kar a haɗa shi cikin wannan fayif mai huji, zai fita ta hujin ya jiƙa ƙasar da kake son busarwa, a ja masa nasa marar huji, rami ɗaya na iya ɗaukar su biyun.

In gidanka ya yi ƙasa da titi

Nan ne ake cewa a haƙa rami a cika da duwatsu ruwa ya nutse. A ƙasar yashi gaskiya ne. A laka kuwa randa ka gina, da yumɓu ai ake yin ta, ta cika a ruwan farko ta zauna haka har Oktoba. Ramin tsotsewa yana aiki ne kawai in ka huda lakar ka isa ƙasa mai shan ruwa a ƙarƙashi, don haka ka yi gwajin cika ruwan nan a gindinsa kafin ka sayi dutse ko ɗaya. Ya yi nesa da gini aƙalla mita 5, wanda ke nufin ba a lungun zai kasance ba sai dai bayan gida, ya yi nesa da rijiya, a rufe shi da silab mai ƙarfi saboda yara. Kuma ko da wasa kar ka juya ruwan sama cikin sokawen banɗaki, zai cika ya dawo maka ta masai.

In ƙasan ma laka ce ko dutse, saura ka binne durom ɗin roba ko ka gina ɗan rami da bulo a wuri mafi kwari, duk ruwan ya taru nan, ka sa ƙaramin sumo, wato injin tura ruwa da ake nutsarwa a ciki, mai balbal da ke tashi da kansa ya tura shi titi. Yana aiki, illarsa ɗaya kowa ya sani, hadari na haɗuwa ake ɗauke wuta, sai in kana da sola ko janareta. Ɗan haya kuma da ba zai iya fasa komai ba ya yi shukarsa a buhu ko tsofaffin bokitai da aka huda, a ɗora su kan bulo.

Can ƙarshen lungun inda duk abin da ka yi sai ya riƙe danshi, ka ba shi masu son ruwa, gwaza da rake da ayaba, ita ayabar dai nesa da fayif da bango. Ciyawar jema in aka dasa ta a layi tana riƙe ƙasa a gangare. Gwanda da zogale da tumatir da albasa da attaruhu su hau kan akwati, wuri mafi tudu.

Lokacin aiki kuma, kallo da alama a Agusta, gota ko yau ma ana iya sawa, amma haƙa sai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba lokacin da ruwa ya ɗauke ƙasa na da sauran laushi. In ka haƙa laka tana jiƙe kwaɓa ta kake yi, in ka bari har Fabrairu diga tsalle take a kanta lebura ya ninka maka kuɗi. Ka gwada da hannu, ka dunƙula ƙasar ka matsa da yatsa, in ta marmashe a fara, in ta manne a ƙara mata kwana biyu. Sannan duk ƙarshen Maris kafin ruwan farko a hau a kwashe ganye da ƙura daga gota, a share kwata, a zura tiyo ta bakin wankin nan har sai ruwan da ke fita a mafita ya yi fari, a sake dubawa bayan ruwan ƙanƙara don yana kakkaɓo ganye ya toshe raga, wani lokacin har ya fasa gotar roba.